Yadda Zubaidatu Ta Sulhunta Turmi da Waya

Yau kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Duk wanda na tara da labarin nan sai ya ce, "Haba Ɗanmalam, ai ka faɗa mana jiya." To tunda kunnuwa sun gaji, bari in sa shi a takarda. Karatuna ba nisa, aji uku na yi a makarantar Nasara na gudo, amma abin da ƙanwata Zubaidatu ta yi ya wuce a bar shi a baki.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme ta da shekara biyar. An haife mu a wani ɗan ƙauye bayan Samaru, gida bai wuce goma sha biyu ba. Tun tana rarrafe ba ta da zama. Inna ta taɓa ɗaure mata ƙafa da zani a jikin turken akuya don dai ta samu ta tuƙa tuwo. Da ta tasa, a aike ta ɗebo ruwa, sai a same ta a ƙauyen gaba tana kallon masaƙa. Mutanen garinmu suka ce ta ci ƙafar kare.

Ta yi aure a Zabi, ta auri wani mai jakuna, mutumin kirki. Da aikin hanyar jirgi ya zo ya bi 'yan aiki ya yi kudu, ciwon ciki ya kashe shi a can. Tana fita takaba ta ce ita ba ta komawa ƙauye. Ta soya ƙosai a Chikaji wata uku, ta ce hayaƙi ya ishe ta. Ta yi wankau a bakin rafin Kubanni, ta yi faɗa da mai ba ta kayan. Ta sayar da gyaɗa, ta yi kitso, ta bi wasu Nufawa har Kano ta dawo. Ƙunshin kayanta bai taɓa kwancewa duka ba, kullum akwai ƙulli ɗaya da ta bari.

Ni kuwa lokacin na samu aikin masinja a ofishin waya na Sabon Gari, ina kai ma mutane takardun da suka zo ta waya. Ofishin ba shi da gininsa tukuna, ɗaki aka ara a gidan wata 'yar Saliyo mai suna Winifred, mu Iya Wini muke ce mata. Gidan dogo ne, rufin kwano, yana kan hanyar tasha. Gaban gidan ƙatuwar rumfa ce, nan masu jiran jirgi ke zubewa da kajinsu da buhunansu, ga teloli biyu, ga wanzami. Bayan rumfar, bango ɗaya tak tsakani, nan ofishinmu yake.

Ni na roƙar ma Zubaidatu lungu a rumfar nan. Ta kafa turmi ta fara fura. Kafin wata biyu turmi ya zama uku, ta jawo Kaltume, wata Babarbariya mai hannu kamar na maƙeri, da Dinatu matar wani kafinta. 'Yan dako su sha, direbobin jirgi su aiko, Fulani su kawo nono har ƙofa. In su ukun nan suka haɗa lugude, suna jefa taɓarya sama suna tafi kafin ta sauko, sai ka ga fasinja ya manta da jirginsa. Damina biyu ta yi a wurin. Damina biyu! Da na kai ma Inna labari sai da ta sa na rantse.

To, wayar nan ba da baki take magana ba. Wani ɗan ƙarfe ne a kan tebur, yana ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Akawu ya kasa kunne yana mai da ƙarar nan haruffa a takarda. In ƙas ɗaya ta wuce shi, kalma ta lalace. Akawunmu Mista Julius ne, mutumin Ikko, dogo, kullum cikin takalmi sau-ciki da safa ko da ana zafin bazara. Hausarsa ta kasuwa ce, mace ma "kai" yake ce mata. Ba mugu ba ne, har furar yana sha. Amma shekarar da aka soma yaƙin Jamus waya ta yi yawa, daga safe har la'asar ƙarfen nan ba ya hutawa, kuma daidai hantsi, lokacin da ake kirɓa fura, shi ne lokacin da ta fi zuba. Sai ka ga Mista Julius ya dafe kai ya buga ma akawun Kano, ya ce a maimaita. A maimaita, ya sake cewa a maimaita. Har manyansa suka aiko masa da takardar faɗa.

Ranar da takardar ta zo ya tafi wurin Iya Wini, ni ina biye da shi. Ya ce, "Mama, ko turmi ya fita, ko ofis ya fita."

Iya Wini ko tunani ba ta yi ba. Ta ce, "Turmi ya fita mana. Ni zan kori Gwamna don fura?"

Na san Zubaidatu. In aka tashe ta daga lungun nan ba wani lungu za ta nema ba, jirgi za ta hau, kuma wannan karon ban san inda za ta tsaya ba. Na durƙusa na ce, "Iya, a yi haƙuri, a gwada bango tukuna. Wannan bangon siriri ne, ko tari aka yi ana ji. A kira magini na gaske daga birni."

Ta ce ta ji, amma sau ɗaya.

Aka kira Baba Hamza. Tsoho ne, gemu fari fat, gadon gini ya yi tun kakanni, soraye nawa ne a birni da hannunsa a ciki. Ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da sanda ya yi tsaki. Ya ce, "Wannan ai zana ce aka shafa ma laka." Ya sa aka kwaɓa ƙasa da ciyawa ta kwana bakwai tana ruɓa, aka yi tubali, ya tada wani bangon a jikin na farko, kaurinsa kamu ɗaya da rabi, har ya taɓo kwano. Ƙofar da ke tsakanin rumfa da ofis ya toshe ta, ya zama in za ka ofis daga rumfa sai ka zagaya ta bayan gida. Gaskiya aiki ya yi kyau. Hayaniyar fasinja ta mutu, kukan kaji ya mutu, keken tela ya mutu. Na ce shi ke nan, mun tsira.

Washegari da hantsi sai na ji dum. Dum-dum. Dum. Mista Julius ya ajiye fensir ya dube ni.

"Ɗanmalam, ina bango?"

Aka aika ma Baba Hamza ya zo ya ji da kunnensa. Ya shigo ta rumfa kamar yadda kowa ke shigowa, matan suka jingine taɓare suka zube suna gaishe shi. Ya ce, "Sannunku 'ya'yana, ku ci gaba da aikinku." Ya zagaya ofis ya tsaya tsakar ɗaki ya kasa kunne. Shiru. Ya ce, "To ina ƙarar?"

Mista Julius ya ce, "Baba, ba haka suna yi ba! Sun daina!"

Baba ya aike ni in dubo. Na zagaya na tarar suna daka, na dawo na ce suna yi. Ban yi ƙarya ba, taɓare na hawa suna sauka.

Baba ya gyara rawani ya ce, "Akawu, ni shekara arba'in ina gini. Bangona ko tambari aka buga a bayansa ba ka ji. In kunnenka ke maka kuka, a nemo maka man shanu a ɗiga."

Sau uku ana haka. Baba ya zo shiru, ya tafi dum-dum. Mista Julius ya ce an haɗa baki ne ana mai da shi mahaukaci. Baba ya ce baƙo ne mai neman rigima, kuma kar a sake aiko masa. Iya Wini ta gaji. Ranar Talata ta shigo rumfa da lemarta ta nuna turamen da ita. Ta ce, "Asabar in na zo, kar in ga ko ɗaya."

Kwanakin nan Zubaidatu ta koma yadda take da. Ta ɗauki ludayi ta ajiye, ta fita bakin hanya ta dawo, ta tambayi wani ɗan dako ko jirgin Laraba yana kaiwa har Minna. Na same ta da azahar tana ɗaure ƙoranta cikin zani.

Na ce, "Ke, ina kuma za ki?"

"Inda ba waya."

"A nema miki wata rumfar mana. Ga ta wani Bayarabe can."

"Yaya, ni ba tunkiya ba ce da za a riƙa sauya mini turke. Nan na zauna, nan aka ce in tashi. Na tashi."

"Inna fa?"

"Inna ta saba."

Ta ja ƙulli da haƙori. Sannan ta ce, "Amma kafin in tafi sai na faɗa ma dogon nan magana. Shekara biyu yana shan furata, bai taɓa cewa ta yi tsami ba."

Na ce ta rufa mini asiri, aikina ne. Ko saurare na ba ta yi ba. Laraba da hantsi ta bar Kaltume da Dinatu suna kirɓi, ta zagaya bayan gida, ni ina bin ta ina roƙo. Ba ta taɓa shiga ofishin ba, mata ba sa shiga. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, don ko da faɗa ka zo ba ka shiga ɗakin mutum da takalmi. Ta yi sallama ta taka daɓen, ta buɗe baki za ta fara. Sai ta tsaya.

Mista Julius ya ce, "Kai, me kana so?"

Ƙafafunta take kallo. Ta matsa gaba taku biyu, ta koma baya. Ta je ta manna kunne a sabon bangon, ta girgiza kai. Ta tsuguna ta shimfiɗa tafin hannu a ƙasa. Sannan ta nuna kofin ruwan da ke kan tebur. Ta ce, "Yaya, dubi ruwan can."

Na duba. Duk dum ɗaya sai ruwan ya yi zobe ya watse. Har ɗan ƙarfen wayar yana rawa a mazauninsa.

Ta ce, "Cire takalminka."

Ni takalman aiki ne a ƙafata, na fata mai kauri, da su nake shiga da fita. Na cire. Wallahi kamar ana dakan a ƙarƙashin dugadugaina.

Ta ce, "Bangon Baba ba shi da laifi. Ba ta sama take zuwa ba, ta ƙasa take bi. Daɓen rumfa da na ɗakin nan ai ɗaya ne, tare aka daɓe su. Ƙarar ta ƙarƙashin bango take wucewa kamar gafiya." Ta juya ta dubi Mista Julius. "Kai kuma Akawu, da kana cire wannan akwatin da kake sa ƙafa a ciki, da tuni ka sani."

Ya ce, "To me ya sa Baba yana zuwa, babu ƙara?"

Zubaidatu ta dubi bangon. Can sai ta rufe baki da hannu ta fashe da dariya har tana dafa tebur. Ta ce, "Wayyo Allah! Yaya, wa zai saki hannu ya yi kirɓi alhali babba kamar Baba yana cikin gida? Ai rashin kunya ne. Yana shigowa hannu ke yin sanyi da kansa. Mukan riƙa taɓawa ne a hankali kamar masu dakan magani, sai mun ga ya fita bakin hanya. Baba bai taɓa jin dakanmu ba ko sau ɗaya!"

Ni da na zagaya sau uku na gan su, ban lura ba. Ai haka na taso na ga ana yi ma manya, ido ya saba.

Mista Julius ya ce a je a gaya ma Baba. Zubaidatu ta ce, "A gaya masa me? Cewa shekara arba'in ɗinsa ba ta ji abin da ƙafar mai fura ta ji ba? Sai dai ya ji da kansa." Ta ce in je birni in ce masa ita za ta bar gari, tana so ya sha furarta ya sa mata albarka. Kuma in biyo da shi ta bayan gida, kar matan su gan shi.

Da ƙyar ya yarda. Alhamis da hantsi na biyo da shi ta lungun bayan teloli yana mita, wai me ya sa ake bi da shi ta juji kamar ɓarawon kaza. Zubaidatu ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakar ofis, ga ƙwaryar fura an dama da nono. Ta gaya ma su Kaltume su saki hannu, ba ta ce musu kowa zai zo ba. Baba ya tuɓe takalmi, bai ko kalli Mista Julius ba, ya zauna a tabarma ya ɗauki ludayi.

Kaltume ta sauke taɓarya a bayan bango. Dum!

Furar da ke cikin ƙwarya ta motsa. Baba ya tsaya da ludayi a hannu. Dum-dum, dum-dum, Dinatu ta shiga. Ya ajiye ludayin. Ya ɗaga gefen tabarma ya dafa ƙasa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Wa ya gano wannan?"

Zubaidatu tana durƙushe ta ce, "Baba, ai bangonka ne ya nuna mana. Da ya kashe sauran ƙarar sai wannan ta fito fili."

Ya dube ta ta ƙasan ido. "Ke 'yar nan, kar ki shafa mini mai a baki, na girmi ubanki. To tunda ke kika ji ta, me za a yi mata?"

Ta ce, "Da ina wankau a Kubanni, matan wurin sukan yi daka a kan yashi. Kana tsaye kusa ba ka jin komai a ƙafa. In an haƙa rami a ƙarƙashin kowane turmi an cika da yashi, ina ga ƙasa ba za ta ɗauka ba."

Baba ya ce, "A gwada ɗaya."

A ranar muka fasa daɓen, na ɗebo yashi a buhu, muka cika, aka ɗora turmin Kaltume. Ta sauke taɓarya sau biyar ta jefar da ita.

"Wannan aikin banza ne! Taɓarya ba ta dawowa, kamar ina dukan gawa. Turmin ma yana nutsewa. Kafin in kirɓa ƙwarya ɗaya kafaɗata ta cire. Ni ku bar ni in koma Chikaji."

Zubaidatu ta ce, "Ke da kike cika baki kin fi maza ƙarfi?"

"Ƙarfin nawa na fura ne, ba na rairayi ba. Zo ki gwada, uwar dabara."

Ta gwada. Gaskiyar Kaltume ce. Zubaidatu ta tsaya tana haki, ta dubi ramin, ta dubi hanyar tasha. Na ga idonta, na ce a raina shi ke nan, ta tafi.

Baba yana zaune a kan buhu yana kallo. Yanzu dai ba wadda ta sassauta hannu, shi da kansa ya ce duk wadda ta ji kunyarsa zai kwaɗa mata sanda. Ya ce, "Taɓarya tana son abu mai tauri a ƙarƙashinta, ƙasa kuma ba ta son a taɓa ta. To a ba kowa nasa." Ya ce a zurfafa ramin ya kai gwiwa. A zuba ƙaiƙayi a ƙasa, a bi da yashi, sannan a kwantar da gungumen maɗaci mai faɗi a sama, turmi ya zauna a kan gungumen. "Amma kar itacen ya taɓa gefen rami ko ta ina. A bar tafin hannu, a cusa ƙaiƙayi. In ya taɓa, aikinku ya tashi a banza."

Mijin Dinatu ya yanko mana gungume uku. Ƙaiƙayi daga Chikaji aka kawo a kan jaki. Juma'a tun da safe muna haƙa, ni da Zubaidatu da wanzami da ya ga abin ya ba shi sha'awa. Muna cikin rami na uku sai ga lema a ƙofa.

Iya Wini ta kurma ihu. "Daɓena! Wa ya ce ku haƙa mini kabari uku a gida? Na ce ku fita, ban ce ku binne kanku ba!"

Zubaidatu ta fito daga rami, ƙasa har gira. Ta durƙusa ta ce, "Iya, gobe ne Asabar. Ki bar mu zuwa hantsi. In Akawu ya ji ko dum ɗaya, ni da hannuna zan cike ramukan in daɓe miki, in fita ba sai kin ce ba."

"In kin gudu fa? An ce ke ba kya kwana biyu a gari."

"Ga yayana nan, ki riƙe shi."

Haka aka ba da ni jingina ina tsaye da shebur a hannu, ba wanda ya tambaye ni.

Asabar ta zo. Jirgin Kano ya makara, rumfa ta cika har waje, ga masu goro, ga wasu sojoji da akwatunansu. Iya Wini ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a bakin rumfa. Baba Hamza ya zo tun da sassafe, wai hanya ce ta biyo da shi. Ni ina ofis, don Mista Julius ya ce in tsaya kusa. An shirya da zarar waya ta fara zuba, su kuma su fara, kuma lugude sosai, ba sassauci.

Ƙarfe ya fara ƙas-ƙas. Mista Julius ya ɗauki fensir. Ya cika takarda ɗaya ya jawo ta biyu. Ni na tuɓe takalma ina tsaye a kan daɓe, zuciyata ce kaɗai nake ji tana daka. Na kalli kofin ruwa, yana nan kamar an rufe shi da madubi. Na ce a raina, matan nan me suke jira? Ko Kaltume ta sake yin fushi? Ko Zubaidatu ta tsorata?

Mista Julius ya gama ta uku ya buga tebur. "Ɗanmalam! Je ka gaya su fara! Ni ba na son wasa, kullum suna ɓoye hannu!"

Na fita da gudu ba takalmi. Tun kafin in gama zagaya kwanar gidan na ji tafi. Na faɗa rumfa, me zan gani? Taɓare uku a sama, Kaltume ta jiƙe sharkaf da gumi, Dinatu tana guɗa, Zubaidatu ta ɗaure zani a ƙugu tana ba turmi kamar ya yi mata laifi. Sojoji sun kewaye su suna tafi. Na tambayi wanzami tun yaushe. Ya ce tun ɗazu, ƙwarya ta biyu ke nan.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na koma da gudu na kamo hannun Mista Julius, abin da ban taɓa yi ba, na jawo shi har rumfa. Ya tsaya ya buɗe baki. Ya koma ofis da sauri ya sake fitowa. Ya sake komawa, wannan karon sai da ya zauna a bakin ƙofa ya cire sau-ciki da safa, ya shiga ya tsaya. Ya fito yana dariya ya ce ma Iya Wini, "Mama, kaɗan-kaɗan yana nan, kamar mutum yana tafiya nesa. Ba ya hana aiki. Turmi ya zauna."

Iya Wini ta tashi ta zagaya ramukan tana zungurar ƙaiƙayi da bakin lema. Ta ce, "Sun ɓata mini daɓe." Ta sake zagayawa. "To, a gyara bakin ramukan da kyau kar wani ya karya ƙafa. Ke kuma mai haƙa, ki zauna. Ki aiko mini da fura, ban karya ba."

Baba Hamza ya ce shi dama ya san bangonsa ba ya ƙarya. Ya kira Zubaidatu ya ce mata yashi yakan danƙare, duk Juma'a biyu sai an ɗaga gungume an motsa shi an ƙara sabon ƙaiƙayi, in ba haka ba ƙarar za ta dawo. Ta ce ta ji, ranka ya daɗe.

Na matsa kusa da ita, bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, "Zubai, kin ji? An ce ki zauna!"

Ta share gumi da bakin zani. Ta ce, "Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Yaya, matsa mini, ka tare ma mutane hanya, jirgi ya kusa tashi ba su sha ba."

Ta miƙa ma wani soja ƙwarya, ta juya ta ce ma Dinatu ta zuba gero na gaba.